'Yan Hayan Nzume

Laraba, da hantsi

Na tsinci wannan littafi a ƙasan kwandon da na sungumo. Na ƙungiyar matan coci ne, wanda nake rubuta waƙoƙin da muke koya. Na bar gishiri a gida, na bar bargon kirki, na ɗauko littafin waƙa. Tunda ya biyo ni zai yi aiki, ko ba komai mu san ranar Lahadi idan ta zo.

Muna bukkar gonar kokonmu, ni da Yaya Senge, yayar mijina. Sauran mutanen unguwa suna warwatse a bukkokin gonakinsu. Baba Etuge ne babba, shi ke cewa a yi ko a bari. Ba a hura wuta sai hazo ya sauko daga dutse ya rufe hayaƙi. Ba a kiran mutum da ƙarfi. Zakarun da aka taho da su duk an yanka su tun ranar farko.

Mijin nawa, Nzume, ba ya nan. Mun kai rafin farko ranar Litinin sai ya ja ya tsaya, ya ce ba zai iya ba, Mama tana can. Mahaifiyarsu, Mama Ntube, ta ce ita ba inda za ta, ƙafafunta sun gama tafiyar duniya.

"Ku je, Maman Dione," ya ce da ni. "Ku jira ni gindin bishiyar 'yan haya. Kada ki matsa daga nan."

Ya miƙo min addarsa ya juya. Abin da ya faru kafin Litinin ba zan sa shi a littafin waƙa ba.

Alhamis, gab da faɗuwar rana

Duk dajin nan an hana kowa magana, ban da 'yan hayan Nzume. Su ba su san wani Baba Etuge ba.

Tsuntsaye ne, kuma in faɗi gaskiya ba su da kyan gani. Ba su kai kurciya ba, launinsu na ƙasa, fuska ba gashi kamar an yi musu aski da gayya, sai wani ɗan tsiron gashi a gindin baki. Bakin kuwa kauri gare shi, da shi suke sassaƙa. Ba sa zama a bishiya mai rai, sai wadda ta mutu a tsaye. Tamu tana nan bayan bukka, sun huda ta tun daga tsakiya har sama, rami a jikin rami, ban taɓa iya ƙirga su ba. Da safe su watse neman ɓaure. Da yamma su dawo gaba ɗaya a yi ta hayaniya a bakin ƙofa, wannan ya shiga a turo shi waje, wancan ya leƙo a cafke masa baki. A ƙarshe sai ka ga uku ko huɗu sun cusa kansu rami ɗaya, alhali ga ramuka nan a banza.

Yaya Senge ta ɗaga kai ta ce, "Matarmu, kin ga dangin mijinki. A wuni ana faɗa, a kwana ɗaki ɗaya."

"Ai ke ce babbarsu, Yaya."

"Ni nawa gashin bai zube ba tukuna."

Mun yi dariya da hannu a baki. Na dafa gwaza da ganyenta, na raba uku har da Nzume. Na ajiye masa nasa.

Asabar, da safe

Yaya Senge ta cinye nasa. Ta ce zunubi ne a bar abinci ya lalace.

Lahadi, da rana

Mun taru a gonar Baba Etuge mun yi addu'a. Waƙa kuwa da leɓe kawai aka yi ta. Ban taɓa sanin waƙar da ba a fitar da ita tana ciwo a maƙogwaro ba.

A hanyar dawowa na tuna faɗan da muka saba yi da Nzume kowace shekara. Mu nan ba ma sare babbar bishiya a cikin koko, don za ta faɗo ta ragargaza shuka. Sai dai a sare bawonta a zagaye da adda, a bar ta ta mutu a tsaye, rassan su riƙa zubowa sannu a hankali. Kowane manomi haka yake yi in yana son rana ta shiga gonarsa. Amma nawa mijin, bayan ya gama da waɗanda suka tsare wa koko rana, sai ya ƙara da wata can bakin daji, inda ko tsiron koko babu. Irin mai ganye kamar lema yake zaɓa, mai laushin itace. Ya ce wai ta 'yan haya ce, don gidan da suke ciki ba ya daɗewa, kuma sabo sai ya yi shekaru a mace kafin bakinsu ya iya shi.

Nakan ce, "Baban Dione, wuni guda ka ɓata kana gina wa tsuntsu gida, rufin ɗakina yana yoyo."

Yakan ce, "Zo in nuna miki inda take."

Ban taɓa zuwa ba. Ina da aiki.

Na ajiye masa nasa.

Talata, da yamma

An ga hayaƙi ta wajen gari, irin wanda ba na girki ba. Yaya Senge ta ce ƙila wani ke ƙona gona. Na ce ƙila. Muka ci gaba da ɓare gwaza, ba wanda ya dubi wani.

Laraba

Bai zo ba.

Juma'a, da hantsi

Akwai 'ya'ya a ramukan sama, yau na tabbatar. Manyan suna shiga da 'ya'yan itace a baki, su fito da ƙazanta su kai nesa su yar. Abin da ya ba ni mamaki, rami ɗaya na ga tsuntsaye daban-daban suna kai masa abinci, ba biyu kawai ba. Wa ya haifa, wa ya yi reno, su suka sani.

Maciji ya gwada hawa da rana. Allah ya nuna min taron dangi. Duk wanda ke kusa ya dawo, suka yi masa caa, suna kai masa sara ta ko'ina har ya saki itacen ya faɗo cikin ganye. Yaya Senge ta ƙarasa shi da addar ƙanenta, muka gasa da hazo ya sauko. Rabonmu da nama tun zakaru.

Wata mata daga unguwar gada ta ratso ta gonarmu da goyo. Ta ce ba a wucewa ta gada yanzu, mai son fita sai ya zagaya bayan dutse. Ba ta ga Nzume ba. Ta ja Yaya Senge gefe ta gaya mata wani abu. Na tambaya, Yaya ta ce maganar hanya ce. Na san fuskarta in tana ƙarya, amma ban matsa ba. Zagayen dutse da tsohuwa a baya ba tafiyar kwana biyu ba ce, wannan shi na riƙe.

Na ajiye masa nasa, har da tsakiyar macijin.

Lahadi, bayan addu'a

Baba Etuge ya ce nan ya yi kusa da hanya. Ya ce mu fara shirin komawa kogunan dutse da ke can ciki, inda kakanninmu suka taɓa zama. Ya kuma hana ɗaurin ganye. Mu in mutum ya bar gona yakan ƙulla ganyen kwakwar manja a bakin bukka, kan ƙullin yana nuna inda ya nufa, mai nemansa ya gani ya bi. Ya ce kada kowa ya ƙulla ko ɗaya.

Na ce, "Baba, in ya zo fa?"

"'Yata, ba Nzume kaɗai ya iya karanta ganye ba. A cikin waɗancan da suka kore mu akwai waɗanda aka haifa a ƙasar nan."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Litinin, da yamma

Bishiyar ta faɗi.

Talata, da safe

Jiya ban iya ƙara komai a littafin ba. Hadarin farko na shekara ne ya taso da rana tsaka, da irin iskar da ke zuwa kafin ruwa. Muna can ƙasa muna haƙar gwaza, shi ya cece mu. Mun ji ƙarar har cikin haƙora. Da muka hau, ta karye daga ƙugu ta kwanta a kan bukkar, daidai inda muke shimfiɗa. Tukunyar ƙarfe da kwando kawai muka iya zarowa. Zanen cocina yana ƙarƙashi, ana ganin bakinsa, ba ya jawuwa.

'Ya'yan ba su tsira ba. Na tattara su na rufe da ƙasa.

Da yamma manyan suka dawo kamar kullum. Suka yi ta zagaya wurin da bishiyar take a da, suna kuka, suna sauka kan koko suna sake tashi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun Litinin ɗin can. Ba don tsuntsaye kaɗai ba.

Yanzu sama a buɗe take a wurin, daga kan tudun hanya ana hango fili sarai. Ba za a zauna ba. Baba Etuge ya ce asubar Juma'a kowa zai tashi. In na bi su, Nzume zai zo ya tarar da bukka a murƙushe da zanena a ƙarƙashi, ba ganye, ba kowa. Na san abin da zai ɗauka.

Talata, da la'asar

Na yi ta juya maganarsa. Bishiyar 'yan haya ya ce. To, bishiyar 'yan haya ita ce wadda suke ciki. A dajin nan ido ba ya nisa, kunne ne ke tafiya, ko ni a ranar da muka taho hayaniyarsu ce ta kawo ni gona cikin hazo. In ya zo ya rasa mu, yamma za ta yi, zai ji su. Kuma shi ya san kowace bishiya da ya kashe musu.

Na gaya wa Yaya Senge. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wato yanzu tsuntsu za mu bi."

"Eh."

"Kin san inda bishiyar take?"

"A'a."

"Shekara nawa yana cewa zo in nuna miki?"

"Yaya, ki bar ni da abin da ke damuna."

Laraba, da yamma

Na bi su da safe, aikin banza. Safiya ta abinci ce, kowa da ɓauren da ya nufa, na ƙare a gindin wata bishiya suna jefo min ɓawo a ka. Na bi bakin daji ina duba gindin bishiyoyi. Na sami ɗaya da saran addarsa a zagaye, na san hannunsa, yakan karkata saran ƙasa. Amma ta bara ce, na ƙwanƙwasa na ji ta da ƙarfi. Na sami wata, ita kuma gara ta riga kowa, ta zube tuni.

Ban san inda suke kwana ba. Yamma ta yi shiru, irin shirun da Baba Etuge yake so. Na tsani shirun nan.

Na ajiye masa nasa. Ita ma Yaya ba ta taɓa ba.

Alhamis, da hantsi

Ina wanke tukunya a rafi, ina tunanin yadda zan ce wa Baba Etuge ba ni zuwa alhali ba ni da inda zan nuna masa, sai na ga wasu fararen abubuwa suna bin ruwa. Na ɗauka furanni ne. Na tare da hannu, ashe ɓarɓashin itace ne, sabo, ƙanana kamar an fere da wuƙa. Na san shi, shekaru ina share irinsa a bayan bukka ina mita.

Na bar tukunyar a wurin na bi rafin sama, ruwa har gwiwa. Bayan lanƙwasa ta biyu, a ɗaya gefen, ga bishiyar nan ta ɗan karkato kan ruwa, ba ganye ko ɗaya, da saran Nzume a gindinta ya yi baƙi. Su kuma suna manne a jikinta, ba su fi 'yan kaɗan ba. Wannan ya sassaƙa ya gaji ya matsa, wani ya karɓa. Mai cikin rami ya fito da baki cike, ya girgiza kai ya watsar. Kwana uku da rushewar gidansu.

Na tsaya a cikin ruwa ina ce musu sannunku da aiki, kamar wata taɓaɓɓiya.

Alhamis, da yamma

Baba Etuge ya zo ya duba wurin da kansa. Akwai wani dutse da ya yi rumfa kusa da bishiyar, daga hanya ba a ganinsa. Ya daɗe yana kallon sama.

"Epolle, in kika zauna ba ni da wanda zan bar miki."

"Na sani, Baba."

"In ya ji su bai gane ba fa?"

"Zai gane. Shi ya ba su gidan."

Ya ciro ɗan ƙullin gishiri daga aljihu ya ba ni. Yaya Senge tana gefe ta riga ta ɗaure kayanta. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ba za ta mutu a gindin busasshen itace saboda tsuntsu mai sanƙo ba. Na ce ta tafi, ba komai. Ta ce ai dama tafiya za ta yi.

Juma'a, da safe

Sun tafi. Yaya Senge tana nan tana gyara murhu, ta ce ban iya jera duwatsu ba, kuma wani ya kamata ya riƙa cin rabon ƙanenta.

Asabar, bayan faɗuwar rana

Sabon tsoro. Rafin yana da ƙara, 'yan hayan kuma ba su da yawa, ƙila ba a jin su daga nesa. Na roƙi Yaya ta lallaɓa cikin koko har kusa da tsohuwar bukka ta saurara lokacin da suke dawowa. Ta je ta dawo. Ta ce ba ta ji komai ba sai kwaɗi.

Ta kuma ga sawun takalma a wurin, manya, ba irin namu ba. Da mun zauna.

Litinin, da yamma

Ruwa ya sauka da rana, yana ɗaukewa sai shinge, garar nan mai fiffike, ya fito daga ƙasa kamar hayaƙi. Ban san 'yan haya sun iya cafke abu a iska ba. Daga kan reshe suke tashi, su kama, su dawo, da wani irin tashi mara fasali. Mu ma muka shimfiɗa zane muka tara namu, muka soya da gishirin Baba Etuge. Yaya Senge ta ce rabon da ta ci abu mai maiƙo tun bikin Dione, 'yata da ke birni, wadda nake roƙon Allah ya sa ba ta jin labarin nan.

Shingen ya jawo sauran. Duk inda suka ɓuya sun fito, suka ga aikin da 'yan uwansu suka fara, aka soma faɗan rami nan take. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Na ajiye masa nasa.

Talata, bayan faɗuwar rana

Yaya ta sake zuwa, ba ni na aike ta ba. Ta dawo tana kakkaɓe zane.

"Ana jin su. Kaɗan-kaɗan, sai iska ta juyo. Marasa kunya."

Ta juya baya tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Laraba

Ramuka sun ƙaru.

Alhamis

Ban da lafiya yau. Ban kalle su ba. Wace irin mace ce ke jingina ran mijinta da kukan tsuntsu?

Na dai ajiye masa nasa.

Asabar, da safe

Zan rubuta a hankali don kada in tsallake komai.

Jiya da yamma suna tsakiyar hayaniyarsu, sai kukan ya canza, ya koma irin na ranar maciji. Yaya ta ɗauki adda, muka shige ƙarƙashin dutse. Muka ji ana taka ruwa, sannu-sannu, ana tsayawa. Sai wata murya da na sani ko a kabari ta ce, "Kai, a hankali mana, buhun koko ka ɗauko?"

Mama Ntube ce, a goye a bayansa da igiyar hawan kwakwa. Ta rame ta zama kamar yarinya, bakin nan dai yana nan. Shi kuwa ban gane shi nan da nan ba. Ba zan rubuta yadda kunnensa na hagu yake ba, kuma ban tambaye shi ba. Ya tsaya a tsakiyar rafi yana kallona, ni ma ina kallonsa, har Yaya Senge ta ce, "To, ku sauke min uwata tukuna, sannan ku ci gaba da kallon."

Da ya zauna na ga hannuwansa. Faratan duk sun kakkarye, yatsun sun kumbura. Ya ce tun safe suka iso tsohuwar bukkar. Ya ga bakin zanena. Ba shi da adda, sai ya tona da hannu, wuni guda, Mama tana zaune a gindin koko tana yi masa waƙar da ake yi wa mamaci. Ya tona har ƙasa bai sami kowa ba. Ya duba ko'ina ba ganye.

"Na zauna na rasa gabas na rasa yamma," ya ce. "Sai na ji su. Na san bishiyar. Abin da ban sani ba, ko ke kin san ta."

"Ban san ta ba."

"To, yaya aka yi?"

"Sharar su na bi. Ƙazantar da nake yi maka mita a kai."

Ya sa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza, ban san ko dariya ce ko ɗayan ba. Na ɗauko masa nasa. Da hannuna na ba shi, don nasa ba su iya riƙe gwaza.

Mama ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Litinin, da hantsi

Za mu bi su Baba Etuge idan Mama ta ɗan yi ƙarfi, Nzume ya san hanyar kogunan. Gari kuwa ba wanda ya ambace shi, sai dai ya ce min itacen lemon da ke ƙofar gida yana nan tsaye. Na fahimci sauran.

Da safe ya ce bishiyar da 'yan haya suke ciki ba za ta wuce 'yan shekaru ba, ta bara za ta karɓe su, amma bana bai yi musu ko ɗaya ba. Ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wata mai kyau can sama da rafi. Zo in nuna miki inda take."

Yaya Senge ta ce mutane ba su da rufin kwana, ana maganar gidan tsuntsu.

Na ɗauki addar na bi shi. Ya nuna min daidai inda zan fara, ya ce in karkata saran ƙasa.